Maganin kitsen jini ya ƙare a Malanville: abin da matafiyi zai nema, da inda zai neme shi

A Malanville, garin da ke bakin kogin Neja a arewacin Jamhuriyar Benin, daura da Gaya ta Nijar, ba abin mamaki ba ne mutum ya zo da niyyar kwana uku ya share wata guda. Direban babbar mota yana jiran takardun kaya, ɗan kasuwar albasa yana jiran a biya shi bashi, wata ta zo biki ko ta'aziyya dangi sun riƙe ta. Idan a cikinsu akwai wanda likita ya ɗora a kan maganin rage kitsen jini, kwalin da ya zo da shi, mai ƙwaya 28 ko 30, zai iya ƙarewa yana ƙasar da ba tasa ba, inda mai farmasi ke karanta Faransanci, kuma ba lalle a san sunan da ya saba kiran maganin da shi ba.

Abin ya ƙara fitowa fili bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai. Takunkumin ECOWAS ya rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, motoci suka yi dogon layi, jama'a suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. Nijar, wadda kafin nan kaya masu yawa ciki har da magunguna ke shigo mata ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta fuskanci ƙarancin wasu magunguna. Da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata. Wanda ya saba sayen maganinsa a Gaya ko Doso, ko ya tsallaka Kamba ta jihar Kebbi ya sayo da naira, ya wayi gari hanyar da ya dogara da ita ta yi tsawo ko ta yi tsada.

Maganin da ba a jin aikinsa

Magungunan da ake magana a kansu su ne dangin sitatin, da Faransanci statines. Suna rage kolestarol, wani nau'in kitse da hanta ke sarrafawa, musamman kashinsa da ake rubutawa LDL a takardar gwaji, wanda ke taruwa a jikin hanyoyin jini har ya ƙuntata su. Ƙarshen wannan ƙuntatawa shi ne bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, abin da asibitocin ƙasashen renon Faransa ke kira AVC. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ne ya gano na farkonsu a shekarun 1970, aka kuma amince da lovastatin a Amurka a 1987. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka simvastatin cikin jerin muhimman magungunanta a 2007. Manyan gwaje-gwajen da aka haɗa sakamakonsu sun nuna cewa duk ragin 1 mmol/L na LDL yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Matsalar ita ce yawan kolestarol ba ya ciwo. Ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa jiri. Mai ciwon suga idan ya bar maganinsa, ƙishirwa da yawan fitsari za su tuna masa. Mai shan sitatin idan ya bari ba ya jin komai, kitsen kuwa yana komawa inda yake cikin 'yan makonni. Wannan ya sa shi ne maganin farko da matafiyi ke haƙura da shi idan kuɗi suka yi ƙasa, kuma ana iya cutar mutum da jabunsa ba tare da ya gane ba.

Suna biyu a kan kwali ɗaya

Kowane kwalin magani yana ɗauke da suna biyu. Akwai sunan kamfani, wanda aka rubuta da manyan haruffa, akwai kuma sunan sinadarin da ke ciki, galibi a ƙasa da ƙananan haruffa. Na biyun shi ne ake kira DCI da Faransanci, INN da Turanci, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tun 1953 domin magani ya zama da suna ɗaya a kowace ƙasa. Shi ne sunan da ya kamata matafiyi ya haddace, ko ya sa a rubuta masa.

Dalilin a bayyane yake a wuri irin Malanville, inda kasuwar magani ta ƙasashe biyu masu bin tsarin Faransa ta haɗu da ta Najeriya. Maganin da aka sani da Lipitor a Najeriya, Ingila da Amurka, a Faransa sunansa Tahor, kuma da wannan suna ya fi shiga farmasin ƙasashen renon Faransa. Dukkansu atorvastatin ne, da Faransanci a ƙara masa harafin e a ƙarshe: atorvastatine. Zocor simvastatine ne. Crestor rosuvastatine ne. Pravastatine kuwa a Faransa an san shi da Elisor ko Vasten, a Amurka Pravachol. Bayan waɗannan akwai ɗimbin kwalaye na kamfanonin Indiya, Turai, Maroko da sauransu, kowanne da nasa sunan kasuwa. Bahaushen Sakkwato da ya tsaya a kantar farmasi yana cewa Lipitor, mai sayarwa zai iya ce masa babu, alhali atorvastatine na nan a bayansa a kan kanta da wani suna.

Waɗannan kwalaye masu sunaye barkatai su ne ake kira jenerik. Tun da wa'adin mallakar Lipitor ya ƙare a Amurka a ƙarshen 2011, kamfanoni da dama ke yin atorvastatin, shi ya sa farashinsa ya faɗi ƙwarai. Jenerik da hukuma ta yi wa rajista aiki ɗaya yake yi da na asali, ko da launin ƙwayar da siffarta sun bambanta. Ba a gane magani da launi. “Farar ƙwaya ƙarama da nake sha da dare” bayani ne da ya dace da magunguna ɗari, kuma mai farmasin da ya san aikinsa ba zai miƙa komai a kan wannan ba.

Bayan suna sai ƙarfi, wato adadin miligiram. Nan ne ake yawan tafka kuskure, domin 20 mg na wani ba 20 mg na wani ba ne. Atorvastatine yana zuwa da 10, 20, 40 da 80. Rosuvastatine ya fi shi ƙarfi a kowane miligiram, simvastatine kuma bai kai shi ba. A ƙiyasin likitoci, atorvastatine 10 yana kusa da simvastatine 20, ko pravastatine 40, ko rosuvastatine 5. Wanda ya taɓa yin bugun zuciya aka ɗora shi a kan atorvastatine 40 ko 80, maganin da ke rage LDL da rabi ko fiye, idan aka musanya masa da simvastatine 20 saboda shi ne ke akwai, an rage masa kariya sosai ba tare da ya sani ba. Ana iya sauya wani sitatin da wani, ana ma yin hakan kullum a asibitoci, amma likita ne ke yin lissafin.

A kuma duba ko kwalin magani biyu ne a haɗe. Caduet, alal misali, atorvastatine ne da amlodipine na hawan jini a ƙwaya guda. Wanda ke shansa idan ya sayi atorvastatine zalla ya bar maganin hawan jininsa a baya. Wanda kuma aka ba shi Caduet alhali yana da amlodipine a aljihu zai sha biyu.

Takardar gwaji ma tana da yare

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Ɗakunan gwaji na Benin da Nijar galibi suna rubuta kolestarol da g/L, bisa al'adar Faransa. A Najeriya an fi amfani da mmol/L, wasu wuraren kuma mg/dL. Giram ɗaya a lita daidai yake da 100 mg/dL, kuma daidai da kusan 2.6 mmol/L.

A ɗauka an gwada mutum a Birnin Kebbi, aka ce LDL ɗinsa 4.1 ne, ya yi yawa. Bayan wata uku ya sake gwaji a Kandi, takarda ta fito da 1,60. Zai yi hamdala, ya ce kitse ya sauka ƙasa da rabi, watakila ma ya ajiye maganin. Gaskiya kuwa ko kaɗan bai motsa ba: 1,60 g/L shi ne 4.1 mmol/L. Haka nan wanda ya fara gwaji a Paraku sannan ya maimaita a Sakkwato zai tsorata a banza, ya zaci abin ya ninka. Duk lokacin da za a kwatanta takardu biyu, a fara duba haruffan da ke bayan lambar. Ga mai neman gwajin a Benin ko Nijar, sunansa bilan lipidique.

Ordonas, farmasi, da abin da ke kan tire

Sitatin magani ne na takardar likita, wato ordonas, a Benin, Nijar da Najeriya baki ɗaya. A aikace wani mai farmasi zai karɓi tsohuwar takarda ta wata ƙasa ko tsohon kwali ya taimaka wa baƙo da abin da zai kai shi gida, wani kuma zai ce sai an kawo sabuwa. Babu wanda ya kamata ya gina tafiyarsa a kan sa'a. Takardar da ta fi amfani ita ce wadda aka rubuta sunan DCI, ƙarfin ƙwaya, sau nawa a rana, da kwanan wata, da hatimin likita. Hoton takardar da na kwalin a cikin waya yana ceto ranar da jaka ta ɓace ko ta jiƙe a kwale-kwale.

Idan babu takarda, hanya mafi sauƙi ita ce ganin likita a asibitin yankin Malanville da Karimama ko wata cibiyar lafiya mai rajista, a nuna masa tsohon kwali, ya auna hawan jini, ya rubuta sabuwa. Kuɗin ganin likita bai kai asarar sayen maganin da ba daidai ba. Masu larurar zuciya mai nauyi akan tura su babban asibitin koyarwa na Paraku, ko Kwatano mai nisan sama da kilomita 700.

Kada a yi tsammanin samunsa a kowane ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. Irin waɗannan wurare sun fi ajiye maganin zazzaɓin cizon sauro, na gudawa da na mata masu ciki. A farmasi mai lasisi ya fi samuwa, kuma idan babu ƙarfin da ake so, mai farmasi yana iya yin odarsa daga masu sari. Wannan yana ɗaukar lokaci, don haka ranar da ya kamata a fara nema ita ce ranar da saura ƙwaya bakwai ko goma, ba ranar da katin ya ƙare ba. Da dare ko ranar hutu a tambayi farmasin da ke gadi, pharmacie de garde.

Saura kasuwa. Kasuwar Malanville na cikin mafiya girma a Benin, kuma kamar kowace kasuwar bakin iyaka ba a rasa mai tallar magani a tire ko a jaka, da farashi mai jan hankali. Gwamnatin Benin ta ɗauki wannan harka da zafi: a watan Fabrairun 2017 jami'an tsaro suka dira a Adjégounlè, sashen sayar da magunguna na kasuwar Dantokpa a Kwatano, suka kwashe tan-tan na kaya, a 2018 kuma kotu ta yanke wa wasu shugabannin kamfanonin sarin magani hukuncin ɗauri. Daga nan aka sake fasalin hukumomin kula da magani na ƙasar. Sayar da magani a kan titi laifi ne a Benin, ko da an ga ana yi.

Akwai hujjar kimiyya da ta shafi wannan magani kai tsaye. Wani bincike da aka yi wa laƙabi da SEVEN, wanda aka wallafa a 2017, ya tattara magungunan zuciya iri bakwai, simvastatine na ciki, daga farmasi da kasuwannin titi na ƙasashen Afirka goma, har da Benin da Nijar. Daga cikin samfura 1,530 da aka gwada, kashi 16.3 cikin ɗari ba su cika inganci ba, galibi saboda sinadarin da ke ciki bai yi daidai da abin da aka rubuta ba. A rukunin da aka yi a Asiya aka kuma sayar a titi, adadin ya kai kusan rabi. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko maras inganci. Binciken bai wanke farmasi fes ba, amma a can akwai wanda za a koma wa da rasit, akwai lambar rukuni da hukuma za ta iya bin sawunta. Mai tire gobe yana wata kasuwar.

Ga wanda ya sayo daga Najeriya, a duba lambar rajistar NAFDAC a jikin kwali. Wasu kwalayen suna da wurin kankarewa da lambar da ake aikawa ta saƙon waya domin tantancewa. Ƙaramin shagon kemis na unguwa ba shi da izinin sayar da magungunan takardar likita, ko da yana ajiye su. A kowace ƙasa kuma a duba ranar lalacewa, EXP ko Pér., a tabbatar lambar da ke kan kwali ita ce a kan katin ciki.

Abin da ba a haɗawa da shi

Haɗarin da ya fi kusa da matafiyi ba ya cikin sitatin shi kaɗai, yana cikin abin da za a ƙara masa a hanya. Mutum ya kamu da tari ko ciwon maƙogwaro a garin baƙunta, aka ba shi clarithromycine ko érythromycine, ko aka rubuta masa kétoconazole ko itraconazole na sha saboda ƙyasbi ko makero. Waɗannan suna hana hanta narkar da simvastatine, sai ya taru a jini ya illata tsoka. Ba a haɗa su da shi sam, da atorvastatine ma sai da taka-tsantsan. Haka wasu magungunan cutar SIDA masu ɗauke da ritonavir. Rifampicine na tarin fuka kuwa akasin haka yake yi, yana rage wa sitatin ƙarfi. Mai shan amlodipine, ɗaya daga cikin magungunan hawan jini da aka fi rubutawa a yankin, ba a so simvastatine ɗinsa ya wuce 20 mg. Ruwan lemun pamplemousse da yawa shi ma yana ƙara masa ƙarfi fiye da kima. Duk wannan magana ɗaya ce ke magance ta a gaban kowane likita ko mai farmasi: ina shan maganin kolestarol, ga kwalinsa.

Yawancin masu shansa ba sa samun wata matsala. Wasu kan ji ciwon tsoka a cinyoyi ko kafaɗu. A nan yankin duk ciwon jiki zazzaɓin cizon sauro ake fara ɗora wa, ko gajiyar hanya, kuma sau da yawa haka ne. Amma idan ciwon tsoka ya yi tsanani, ƙafafu suka yi rauni, fitsari ya koma launin baƙin shayi, a dakatar da maganin a tafi asibiti a ranar, domin ƙoda ce ke cikin haɗari. Mace da ta sami juna biyu ko take shayarwa ta sanar da likita nan take, galibi ana dakatar da shi a wannan lokaci.

A jaka da kuma a shingen duwan

Sitatin ba ya cikin magungunan da ake sa wa ido irin tramadol, don haka ɗaukar na amfanin kai ba laifi ba ne. Sai dai jami'in duwan ko ɗan sanda da ya ga fararen ƙwayoyi a ƙulle cikin leda ba shi da hanyar sanin mene ne, kuma a kan hanyar da aka sha kama tramadol ba zai yi saurin yarda ba. A bar magani cikin katinsa da kwalinsa, takardar likita a kusa. Kwali biyu ko uku na mutum ɗaya ana fahimta. Katan guda da aka ce saƙon 'yan unguwa ne ya zama shigo da magani ba izini. Maniyyata aikin Hajji da masu zuwa Umara su ma wannan ƙa'ida ce ta hau kansu, su kuma sa maganin a jakar hannu.

Zafi ma abin lura ne. Takardar cikin kwali kan ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali daga Maris zuwa Mayu zafin Malanville da Gaya kan haura 40 a inuwa. Gaban gilashin mota da akwatin ƙarfe na direba sun fi haka nesa. Tsakiyar jakar tufafi ya fi, ba kuma sai an sa a firiji ba.

Lokacin sha ba shi da wuya. Sau ɗaya ne a rana. Simvastatine an fi so da dare, domin ba ya daɗewa a jini kuma da dare hanta ta fi sarrafa kolestarol. Atorvastatine da rosuvastatine suna daɗewa, ana iya shansu kowane lokaci muddin an tsayar da shi. Saboda haka azumin Ramadan ba ya hana shan ko ɗaya: bayan buɗa baki ko kafin kwanciya ya wadatar.

Idan kuma an riga an yi kwana biyu ko mako ba a sha ba, ba a ramawa. Ba a haɗa ƙwaya biyu ko uku a sha lokaci guda, a ci gaba kawai da ɗaya a rana daga ranar da aka samu. Ga wanda aka ba shi don riga-kafi, giɓin 'yan kwanaki ba abin firgita ba ne. Ga wanda ya taɓa yin bugun zuciya, ko shanyewar jiki, ko aka yi masa aiki a jijiyar zuciya, giɓin ya fi nauyi, kuma shi ne bai kamata ya jira komawa gida ba. Wanda ya zauna a Malanville ko Kandi na dogon lokaci, mai shago ko ma'aikaci, ya fi masa sauƙi ya sami likita ɗaya da farmasi ɗaya a nan, ya daina jiran saƙon kwali daga Kano ko Yamai a hannun direba. Idan an sauya masa nau'in sitatin ko ƙarfinsa, a maimaita gwajin jini bayan mako 6 zuwa 12, a ɗakin gwaji ɗaya idan da hali, a ga ko sabon kwalin yana yin aikin tsohon.